Kafin ka sayi tsohon gem na RPG, duba ko littafinsa yana ciki

Ƙanena ne ya jawo wannan rubutun. Ya gama Baldur's Gate 3 (gem ɗin kwamfuta ne na RPG, wato irin wanda kai ne jarumin cikin labarin) daɗi ya kwashe shi, sai ya ce bari ya koma baya ya ga irin waɗanda aka yi tun kafin a haife shi, wani abokinsa ya tura masa Wasteland na 1988 a filash. Bai yi awa ɗaya ba ya kira ni wai Yaya gem ɗin nan ya lalace fa, yana cikin tafiya sai kawai ya rubuto masa wai ya karanta sakin layi lamba kaza, shi kuma ya duba ko'ina bai ga wani sakin layi ba. Na ce masa lafiyar gem ƙalau, rabinsa aka ba ka, ɗaya rabin yana cikin littafin da ke zuwa a kwali.

Abin da mutane ba su ganewa kenan, a shekarun 1980 faifan filofi na kwamfuta ɗan mitsitsin wuri gare shi, mai inci 5.25 ɗin nan 360KB kawai yake ɗauka, hoto ɗaya na wayarka ya fi shi nauyi. To sai kamfanoni suka riƙa kwashe dogayen labarai suna bugawa a takarda, gem ɗin ya ba ka lamba kai kuma ka buɗe ka karanta, kuma jifa ɗaya tsuntsu biyu ne don wanda ya kwafi faifai ba tare da littafi ba ya maƙale. Masu Wasteland ma har da mugunta, sun cusa sakin layi na ƙarya a ciki, har da wani labarin duniyar Mars da ba shi da alaƙa da komai, don mai leƙen gaba ya sha ƙasa. Pool of Radiance na kamfanin SSI, shi ma 1988, haka yake da nasa kundin, ga kuma wani faifan kwali mai juyawa da za ka daidaita alamomi biyu ka fitar da kalma kafin a bar ka ka shiga.

To yanzu in za ka saya, wanne?

Akwai asalin kwalin, irin wanda ake sayarwa a eBay. Gaskiya yana da kyau a ido, Ultima IV na 1985 ya zo da taswira ta yadi da wata 'yar alama ta ƙarfe da littattafai biyu, ɗaya na tarihin Britannia, wato ƙasar da ke cikin gem ɗin, ɗaya na sihiri. Amma ka tsaya ka yi lissafi, da dala za ka biya, kuɗin aikowa daga Amurka ko Ingila wani lokacin ya fi kuɗin kayan, sannan in ya iso wace kwamfuta za ka zura filofin? ko ka samo na'urar ma faifan da ya haura shekara 35 ba lallai ya karantu ba. Ni na taɓa yin wannan gangancin sau ɗaya, kwali ya iso tsaf-tsaf amma faifan juyawar nan babu shi a ciki, mai sayarwa bai nuna shi a hoto ba ni kuma ban tambaya ba, laifina ne. In dai kai mai tara kayan tarihi ne bismillah, amma ka sa a baje maka komai a ɗauki hoto ɗaya bayan ɗaya kafin ka tura ko sisi.

Wanda ni nake bi shi ne GOG, shagon intanet na 'yan Poland da aka buɗe a 2008. Sun haɗa tsofaffin gem ɗin da DOSBox, wata manhaja mai kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, yadda za su tashi a Windows na yanzu ba sai ka sha wahalar saiti ba, kuma yawanci suna saka manuwal da taswira da katin maɓallai a PDF a ɓangaren ƙarin kaya, sai dai fa daban ake sauke su, mutane da yawa suna sauke gem su manta da su. Ultima IV ma kyauta ne a can, kuma in ka sauke sau ɗaya shikenan ba ka buƙatar data don bugawa. Steam ma, wani shagon gem na intanet, akwai tsofaffi da yawa amma a can sai ka duba shafin kowanne da kyau, wani da manuwal wani babu.

Bari in nuna maka me ya sa na nace a kan littafin. A Ultima IV kusan kowane harafi na kibod umarni ne, K hawa tsani, Z duba lafiyar mutanenka, X sauka daga doki ko jirgin ruwa, kuma babu abin da zai gaya maka haka a sikirin. Sihiri kuma sai ka haɗa kayan haɗi kamar mai maganin gargajiya, maganin dafi tafarnuwa ce da saiwar jinsen, warkar da rauni jinsen da saƙar gizo-gizo, kayan haɗin guda 8 ne, in ba ka da littafin haka za ka yi ta asarar kuɗinka kana haɗa shirme. Baldur's Gate na farko, 1998, shi bai kai haka tsanani ba don labarinsa duk yana ciki, amma dokokinsa a juye suke, lambar kariyar jiki in tana raguwa shi ne alheri, mai -2 ya fi mai 5 tsaro nesa ba kusa ba. Na ga wanda ya sa wa jaruminsa sulke ya ga lamba ta sauka sai ya cire wai an cuce shi.

Sai waɗanda aka sabunta. Wasteland Remastered na 2020 an shigar da sakin layin nan cikin gem ɗin kansa, Baldur's Gate akwai Enhanced Edition tun 2012, su Pool of Radiance kuma sun fito a Steam a 2022 tare da wata manhaja da ke zana maka taswira a gefe. In kai ba mai haƙuri ba ne nan ya kamata ka dosa, ba abin kunya ba ne, sai dai galibi sun ɗan fi tsada kuma sun fi cin wuri.

YouTube da shafukan masu bayanin yadda ake cinye gem kam ban ba ka shawara ka fara da su ba, manuwal dokoki yake koya maka ya bar ka ka nemo sauran da kanka, su kuwa kafin ka ankara sun gaya maka waye mugun da inda makullin yake.

Ni dai na GOG nake saya in kai PDF ɗin bizines senta. Kar ka ce a buga duka, na Baldur's Gate II shafi sama da 200 ne aljihunka zai ji a jika, katin maɓallai da kundin sakin layi da jadawalin sihiri sun isa, baƙi da fari, gaba da baya, a yi maka bayindin mai zobe don ya kwanta a buɗe kusa da kibod. Sauran ka bar su a waya, ranar da aka ɗauke wuta ka samu abin karantawa. Kuma in Eye of the Beholder na 1991 za ka buga, ka haɗa da fensir da littafin lissafi mai gida-gida, don asalinsa ba ya zana maka taswira, kai za ka riƙa zanawa taki ɗaya gida ɗaya.