Gargaɗi ga matan Garwa: mai babur da ke sayar da furen wardi da "maganinsa"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wadda ta sayi ƙananan furen wardin nan na tukunya a hannun wani mutum da ke zaga unguwanni a kan babur, ta tsaya ta karanta wannan kafin ya sake ƙwanƙwasa mata ƙofa, don zai dawo.

Ni a Yelwa ya same ni. Tukwane biyu na saya, ja da ruwan hoda, sefa 3,000 kowace, furanni cunkus gwanin sha'awa. Ya karɓi lambata wai don ya riƙa "bibiyar lafiyarsu". Ba a yi kwana goma ba ganyen ya fara sheƙi kamar an shafa masa zuma, in ka taɓa sai ya manne a yatsa, har simintin da tukunyar ke kai yana danƙo. Kiyashi suka yi layi suna hawa da sauka. Daga baya wani baƙi-baƙi kamar kunkunniya ya rufe ganyen ƙasa. Ina tura masa hoto ta WhatsApp, kafin la'asar ga shi a ƙofar gida.

Ko sunkuyawa bai yi ba. Ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wannan cutar Turai ce, a cikin jijiya take. In ba a yi sauri ba har mangwaronki za ta kama." Ya zaro gorar ruwan sha da aka cika da wani abu fari-fari, ba suna, ba takarda, warin kananzir na tashi, ya ce 7,500, kuma duk wata sai an sake. Na biya, kaicona. Ya fesa da rana tsaka, a watan Maris na Garwa da zafi ke haura 40. Washegari ganyen ya ƙone ƙurmus. Sai ya ce ai ƙasar ce ta lalace, in ba shi tukunya ɗaya da 2,000 ya je ya canza. Yau wata biyu, wayarsa a kashe.

Kawuna da ke noman auduga a wajen Pitowa shi ya buɗe min ido. Ya ɗauki tukunyar da ta rage, ya juya ganye ɗaya ya ce, "Ke 'yar nan, darɓa ce fa! Wadda ke ɓata mana auduga da dawa." Na duba, wallahi ga su nan jingim a bayan ganyen da kan tohon, ƙwari kore-kore masu taushi, ba su kai ƙwayar riɗi ba, da fararen ɓawonsu da suka saɓule.

Ƙwarin nan ruwan jikin shuka suke tsotsa, sukarin ya yi musu yawa sai su fitar da shi, shi ne danƙon. Kiyashi zaƙin suke bi, har gadin ƙwarin suke yi kamar makiyayi da shanunsa. Baƙin nan kuma funfuna ce da ke tsirowa a kan zaƙin, ba ta shiga cikin ganye, tsumma mai laima yana goge ta. Macen darɓa ba ta jiran namiji, 'ya'ya take haifa da ransu, su ma cikin mako guda sun fara haihuwa. Shi ya sa nake zargin tun a hannun mai babur ɗin tukwanen suka zo da su, don gida uku a layinmu labarin ɗaya ne, har kwanakin. Farin ƙuda da wasu masu kama da ɓurɓushin auduga a gindin ganye su ma suna kawo danƙon.

Abin da Kawu ya sa na yi bai ci ko dala ba. Na raba tukunyar da sauran shuke-shuke, na yanke tohon da ya fi cika, na wanke ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi, musamman bayansa. Sannan ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya, na fesa bayan la'asar sakaliya da rana ta yi sanyi, da safe na ɗauraye. Sabulun sai ya taɓa ƙwaron yake aiki, don haka ana maimaitawa duk kwana 5 zuwa 7, sau uku. Ya ce a fara gwadawa a ganye biyu, kuma ban da garin omo, yana ƙona ganye. Tsakani na jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya ya kwana, na tace na fesa. Darbejiyar da ke zubar da 'ya'ya a ƙofar gidana, ina share su kullum ina kai wa bola! Ya kuma hana ni zuba takin yuriya da yawa, wai toho mai laushi shi ne tuwonsu.

Maganin ƙwari na gaskiya yana zuwa da takarda a jikin kwalba: suna, sinadari, awo da ranar lalacewa. Na cikin gorar nan har yau ban san mene ne ba, ga shi jikata tana rarrafe a tsakar gidan da aka fesa shi.

Mutumin dogo ne, yana ɗaure kwandon tukwane a bayan babur, yana jin Hausa da Fillanci, in ya ga kina jinkiri sai ya juye Faransanci. An ce min makon jiya an gan shi wajen Rumde Ajiya. Tukunyar tawa da ta tsira ta fitar da sabon toho, furanni biyu sun buɗe jiya.