Ƙaramin majigi a aji: inda yake biyan buƙata da inda yake ba da kunya

Tsofaffi a ƙauyukan Kano da Jigawa sun san majigi tun zamanin En'e, lokacin da mota ke zuwa ƙofar gidan hakimi a kafa farin ƙyalle a nuna fim ɗin noma da tsafta. Da dare ake nuna shi, bayan isha'i. Ƙaramin majigin nan da ake samu yanzu a shagunan Beirut Road da Sabon Gari, wanda bai fi ƙamus girma ba, shi ma halinsa ke nan: duhu yake so. Makarantar da ta saya ba ta san haka ba, ƙarshensa ya koma cikin kabad ɗin hedimasta.

Sunayen kamfanonin suna da yawa, amma cikinsu kusan ɗaya ne: fitilar LED, gilashin LCD guda ɗaya, fanka, ƙaramar sifika, da ramin HDMI da na filashi. Lambobin da ke jikin kwali su ne ke ruɗin mai saye. Za ka ga an rubuta lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, 6000 ko 9000, alhali ma'aunin da ake dogaro da shi, wato ANSI lumen, a irin waɗannan yakan tsaya tsakanin 100 da 300. Majigin da ake sa wa a ɗakin lacca na kwaleji yana kai wa 3000. Haka ma 1080p ɗin da ake bugawa da manyan baƙaƙe, lambar da ke nuna yawan ɗigon da ke haɗa hoto, wato kyan fitarsa: sau da yawa ma'anarsa na'urar tana karɓar irin wannan bidiyo, amma ainihin abin da take fitarwa 800x480 ne. Don nuna rubutu, kada a sayi ƙasa da 1280x720 na ainihi.

A ajin firamare na ƙauye, mai tsawon kamar mita 8 da yara sun fi 70, sai an yi dabara kafin a ga wani abu da rana. A ajiye shi mita 2 daga bango, hoton zai kai faɗin mita ɗaya da rabi ko kusa da haka. Malamai da yawa kan ja shi baya don hoton ya cika bango, ba su san cewa in an ninka nisan, hasken kan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ba. Allon siminti baƙi ba ya karɓar hoto. A shafa farin fenti marar ƙyalli a wani ɓangaren bango da rana ba ta dukansa, ko a ɗaure farin yadi a miƙe shi sosai. Sannan a rufe tagogin gaba. Nan kuma wata matsalar ke tasowa: a watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano ba silin, ajin da aka rufe wa tagogi ba zai zaunu fiye da minti 15 ba. Yara za su fara fifita da littattafai, na baya su fara gyangyaɗi. Saboda haka darasin farko na safe ne lokacinsa, kuma gajeren abu za a nuna: yadda zuciya ke harba jini, yadda iri ke tsirowa, taswirar da ke nuna inda kogin Haɗeja ya bi. A kashe, a buɗe tagogi, a koma kan alli.

Sifikarsa ba ta da ƙarfi, ƙarar fankar ma tana danne ta. Dole a haɗa masa wata ta waje, kuma da igiya ya fi, domin ta Bluetooth takan sa magana ta riƙa zuwa bayan bakin mai magana ya motsa.

Wajen haɗa shi da waya ne aka fi asarar kuɗi. Yawancin wayoyin Android masu sauƙin kuɗi ba sa fitar da hoto ta ramin caji, don haka igiyar da mai shago zai ce tana haɗa waya da HDMI ba lalle ta yi aiki ba. Hanya mafi tabbas ita ce filashi: bidiyo a tsarin MP4, hotuna a JPG. Da yawan waɗannan ƙananan majigi ba sa buɗe PowerPoint, wanda ya buɗe kuma yakan mayar da ƙ da ɗ da ɓ su zama akwatuna, sai "ƙasa" ta fito ba a san ko mece ce ba. Maganinsa a mayar da kowane shafi hoto tun a kwamfuta ko a waya. A sa manyan baƙaƙe, waɗanda tsayinsu a bango zai kai santimita 5, layi biyar ko shida a shafi, baƙi a kan fari. Majigi masu Wi-Fi suna iya kwafo fuskar waya ba tare da cin data ba, wanda ke da amfani ga malamin da ke ɗauko darasi daga Nigeria Learning Passport, manhajar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022. Sai dai a kashe sanarwar WhatsApp tukuna, don kada saƙon gida ya fito a bango gaban yara.

Wuta ita ce rabin lissafin, kuma kuɗin kayan sola kan zarce na majigin kansa. Yana cin wat 50 zuwa 60. Batir mai bolt 12, amfiya 100, yana ɗauke da wat-awa 1200, amma in na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ya kamata a ja. Bayan an cire abin da inbata ke ci, zai ba da awa 8 zuwa 10. Makarantar da ke kunnawa awa 2 a rana, mai amfiya 50 ya ishe ta, da farantin sola na wat 100, da kwantirola mai amfiya 10, da inbata ta wat 300. Batirin mota ba a yi shi don a riƙa shanye shi kullum ba, cikin 'yan watanni zai daina riƙe caji. Ƙaramin janareta kuwa wutarsa na hawa da sauka, ga ƙara da ke hana jin darasi.

Inda wannan na'ura ta cancanci kuɗinta da gaske shi ne wajen horar da malamai. Ɗaliban NCE, wato masu neman takardar shaidar malanta, irin na kwalejin ilimi ta Gumel ko ta Bichi, suna yin ƙaramar koyarwar gwaji kafin a tura su TP, wato aikin koyon koyarwa a makarantu. Tsari ne da ya samo asali a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963: mutum ya koyar na 'yan mintuna, a yi masa gyara, ya sake. Abin da ke ƙara masa armashi shi ne mutum ya ga kansa da idonsa. A kafa waya a kan maƙali mai ƙafa uku a kusurwar bayan aji, a kwance ba a tsaye ba, a saita ta 720p, a maƙala wa ɗalibin ƙaramin makirfo a wuyan riga, a ɗauki minti 7 zuwa 10. Da la'asar mutum goma ko goma sha biyu su zauna a ofis ko ƙaramin ɗaki, inda ƙarancin hasken majigin ba ya damun kowa, a kalla tare.

Abin da ke fitowa a bango ya fi duk wani jan biro na sufabaiza shiga jiki. Ɗalibi zai ga ya yi minti uku cur yana magana da allo, ya ba yara baya. Zai ga tambayoyinsa duka sun tsaya a layi biyu na gaba, 'yan matan da ke gefen taga ba wadda ya kira. Zai ji kansa yana cewa "Kun gane?" aji ya amsa "Eeh!" baki ɗaya, ya wuce, ba tare da ya tambayi ko yaro ɗaya abin da ya gane ba. A ba kowane mai kallo abu ɗaya ya ƙirga: wannan yawan tambayoyi, wancan daƙiƙa nawa aka jira bayan tambaya. Mai darasin shi zai fara magana kafin kowa ya sa baki, a zaɓi gyara biyu kacal, ya sake koyarwa a mako mai zuwa. In da yaran gari aka ɗauka, a nemi izinin hedimasta da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, a kuma goge bidiyon bayan an gama. Amanar iyaye ce, bai halatta ya kai TikTok ba.

Ƙura da zafi su ke kashe shi. Da hunturu ƙura kan shiga ta zauna a kan gilashin ciki, sai a ga ɗige-ɗigen da goge ruwan tabarau ba ya fitar da su. In ragar iska ta toshe, zafi ya taru, wani tabo rawaya ko ruwan ƙasa zai bayyana a tsakiyar hoto yana faɗaɗa. Wannan ƙuna ce, sai an canza ɓangaren, kuma samun irinsa ba sauƙi. A share ragar da burushi mai laushi duk mako, kada a ɗora shi kan darduma ko tsumma, a bar masa taƙi guda tsakaninsa da bango, a adana shi cikin roba mai murfi.

Mai zuwa saye ya tafi da filashinsa: farin hoto zalla don gano tabo, shafin rubutun Hausa mai ƙugiya, da bidiyo ɗaya. A kunna a shagon da rana, a bar shi rabin awa, a duba ko kusurwoyin rubutun na karantuwa bayan tsakiya ta fito fes. A sa mai shago ya rubuta a rasit kwana nawa ya yarda a dawo da shi.