Ajin Asabar kan tunanin Konfushiyas a Birnin Kebbi: inda ya yi kyau da inda ya gaza

Zama takwas ne, kowace Asabar daga bayan La'asar zuwa gab da Magariba, kuma akan ba ɗalibi takarda huɗu ko biyar ya karanta kafin zama na gaba. Wanda ya zo bai karanta ba zai sha wuya, domin malamin ba ya maimaita abin da ke takarda.

Zama biyun farko tarihi ne: haihuwar Konfushiyas, malamin falsafa na Sin, a ƙasar Lu (yankin gabashin Sin) a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa, rasuwarsa a 479, da raunin daular Zhou lokacin da hakimai ke yaƙar juna.

Daga zama na uku kwalliya ke biyan kuɗin sabulu. Malamin yakan zana dangantaka biyar a allo: sarki da bafadensa, uba da ɗa, miji da mata, wa da ƙane, aboki da aboki. Sai ya nuna cewa kowace tana ɗora nauyi a kan ɓangarorin biyu, har Menshiyas, wani babban malami mai bin koyarwar Konfushiyas, ya ce sarkin da ya zalunci talakawa ya zubar da sarautarsa. Tsarin gonar da Menshiyas ya bayyana ma ya fito sarai: a raba fili kashi tara, gida takwas kowa da nasa, na tsakiya a noma shi tare, amfaninsa na hukuma. Duk wanda ya san gandu da gayauna nan take zai gane.

Matsalar tana wajen fassara. An fassara kalmar Sinanci li da "ladabi", alhali kalmar ta ƙunshi jana'iza, makokin iyaye na shekara uku, ɗaurin aure da tsarin zaman fada. Ɗalibi sai ya ɗauka gaisuwa da durƙusawa ake nufi, ya kasa gane yadda aka gina hukuma a kanta. Wanda ya fi muni, an rubuta "Allah" a madadin Tian. Wannan kuskure ne babba, a gyara shi. "Sama" ake nufi, kuma aƙidar daban take. Amma "mutumin kirki" da aka ba junzi ya zauna daram.

Ƙarshen kuma an yi shi a gurguje. Ƙona littattafai da daular Qin ta yi a 213 kafin haihuwar Annabi Isa, makarantar fada da Sarki Wu na daular Han ya kafa a 124 kafin haihuwar Annabi Isa, da jarrabawar ɗaukar ma'aikata wadda sai a 1905 aka soke ta, duk an cusa su a zama ɗaya. Sun cancanci uku.

Ajin ya dace da malaman makaranta da ɗaliban kimiyyar siyasa. A zo da littafin rubutu, domin takardun ba su da fili a gefe, kuma mai komawa Jega ko Argungu ya nemi kujera kusa da ƙofa.