Sharhi kan allon da ke nuna zurfin hoto ba tare da tabarau ba

Sana'ata zanen gine-gine ce, kuma yawancin waɗanda nake yi wa aiki a nan Maraɗi ƴan kasuwa ne masu son gina gida ko jerin shaguna. Duk mai wannan sana'a ya san cewa mai gini ba kasafai yake gane zanen takarda ba, kuma ko an nuna masa gidan a kwamfuta yakan ce "to" ne kawai, sai gini ya yi nisa sannan ya ce ba haka ya zaci zauren zai kasance ba. Wannan ne ya sa na yi odar wani ƙaramin allo daga waje, mai girman kusan inci 8, wanda ke nuna abu da tudunsa da zurfinsa ba tare da mai kallo ya sa tabarau na musamman mai bai wa kowane ido hotonsa ba.

Tsakanin idon dama da na hagu akwai tazarar santimita 6 da ɗoriya, saboda haka kowane ido yana ganin abu ta kusurwa dabam, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa hotunan biyu ta fitar da nisa da kusa. Charles Wheatstone ya nuna haka a Ingila tun 1838 da na'urar madubai mai bai wa kowane ido hotonsa. Na'urar wasa ta Nintendo 3DS, wadda ta fito a 2011, ita ma hoto biyu take rabawa, shi ya sa dole mai wasa ya fuskance ta sosai. Allon da na saya ya sha bamban da waɗannan, domin an shimfiɗa masa siraran gilasai masu lanƙwasa haske, irin na katunan nan da hotonsu ke canzawa idan an karkata su, kuma yana watsa hotuna gommai a lokaci guda, kowanne zuwa kusurwarsa. Tunanin ba sabo ba ne, Gabriel Lippmann na Faransa ya kawo shawarar amfani da ƙananan gilasai masu yawa tun 1908.

Amfaninsa mafi girma a wurina shi ne mutum uku ko huɗu suna iya tsayawa gabansa tare, kowa ya ga ginin daga inda yake tsaye. Akwai alluna masu bin idon mai kallo da kyamara, hotonsu ya fi tsabta, amma mutum ɗaya suke yi wa aiki, alhali a garin nan ba a yanke shawarar gini mutum shi kaɗai. Alhaji yakan zo da babban ɗansa da magininsa, kuma a gaban allon ake yin gardamar ko matakalar bene ta matse ƙofar falo, maimakon a yi ta bayan an zuba kankare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da wani dattijo da ke gini a unguwar Ali Ɗan Sofo ya zo, wanda idonsa ɗaya ya daɗe da mutuwa. Na ɗauka allon ba zai yi masa amfani ba, amma duk da haka na ce masa, "Baba, ku ɗan kaɗa kai dama da hagu." Yana yin haka sai ginshiƙin baranda ya gota, tagar da ke bayansa ta bayyana, ya miƙa yatsa ya ce, "Ɗana, wannan tagar ai tana kallon tsakar gidan maƙwabci, a ɗaga ta sama." Gusawar abin da ke kusa fiye da na nesa idan kai ya motsa hanya ce ta gane zurfi mai zaman kanta, ido ɗaya ma ya ishe ta, kuma tabarau mai hoto biyu tak ba ya ba da ita.

Sai dai akwai abin da ake biya. Ɗigon hasken allon adadinsu ƙayyadadde ne, kuma rarraba su ake yi tsakanin dukkan kusurwoyin, don haka kowace kusurwa kaso kaɗan take samu. Ƙananan rubutu da lambobin awo ba sa karantuwa da kyau, har na daina sa su a ciki. Abin da ke daidai fuskar allon shi ke fitowa tas, wanda ya yi nisa ciki ko ya turo waje da yawa yakan dusashe ko ya rabu biyu, saboda haka gida ɗaya yana kyau a ciki, amma dogon layin shaguna ba ya kyau. Faɗin wurin kallo bai kai digiri 60 ba, wanda ya tsaya can gefe ba ya ganin komai na kirki, kuma zurfin na dama da hagu ne kawai, ko mutum ya durƙusa ba zai leƙa ƙarƙashin rufi ba.

Dogon kallo yana gajiyar da ido, kuma dalilin sananne ne: idanu biyu suna karkata zuwa inda abin yake kamar yana tsaye, amma kowane ido yana daidaita ganinsa ne a kan fuskar allon, wannan saɓanin ke kawo nauyin kai. Ni dai nuni nake yi da shi, ba aikin yini ba.

Kwamfuta ma tana shan wahala, tun da gommai na hotuna take haɗawa a madadin ɗaya, kuma a zafin watan Afrilu tawa takan yi nauyi. Na koma shirya hotunan tun da dare in ajiye su a cikin allon, wanda ƙaramin batir ke riƙewa idan an ɗauke wuta. Ƙurar hunturu tana dusashe hoton, sai da murfi da ƙyalle mai laushi.

Ga mai zanen gini, ko malamin da ke koyar da sassan jiki ga ƙaramin rukuni, ina ganin kuɗinsa bai faɗi ƙasa banza ba. Mai son kallon fim ko karatu ya tsaya kan allonsa na yau da kullum, domin ya fi wannan tsabta nesa ba kusa ba.