Battersea: Tsohuwar Tashar Kwal da Ta Koma Kantuna

Tun da na dawo Kaduna daga bikin kammala karatun ɗiyata a Landan, abokan zama a majalisarmu ta Unguwar Rimi suke tambayata wurin da ya kamata matafiyi ya leƙa, kuma amsata ba ta sauya ba: tsohuwar tashar wutar lantarki ta Battersea da ke bakin kogin Tems, bisa sharaɗin ginin ne zai kai mutum, domin mai neman sayayya da rahusa ba nan ne wurinsa ba.

Tashar ta fara ba da wuta a 1933, aka kammala ɓangarenta na biyu a 1955, wanda da shi ne bututun hayaƙinta suka cika huɗu. Jiragen ruwa ne suke kawo mata kwal ta kogin, kuma a zamanin da take tashe ita ke ba Landan kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar da birnin ke sha. Da injuna suka tsufa, kuɗin tafiyar da su ya yi nauyi, mai da iskar gas da nukiliya suka fara ture kwal gefe, sai aka rufe ɓangaren farko a 1975, na biyun kuma a 1983. Daga nan ta zama kango na kusan shekara 30, har rufinta aka kware a wani yunƙurin mayar da ita wurin wasanni da bai kai ko'ina ba, kafin wasu kamfanonin Malesiya su saye ta a 2012, a buɗe ta ga jama'a a watan Oktoban 2022.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu gyaran suka ƙi ɓoye asalin wurin. Manyan zaurukan nan biyu da injunan samar da wuta suka zauna a cikinsu su ne yanzu layukan kantuna, ƙarafan ɗaga kaya suna nan a sama, kuma mai lura zai ga bambancin zamani tsakanin zauren farko mai ado da na biyun da aka gina bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba tare da wata ƙawa ba. Akwai lif mai bangon gilashi da ke hawa da mutum ta cikin ɗaya daga cikin bututun har tsawon mita 109, kuma duk da gwiwoyina sun yi sanyi a can sama, ban yi da-na-sanin kuɗin tikitin ba.

Kantunan kuwa irin waɗanda ake samu ne a kowace babbar kasuwar zamani. A wani gidan abinci da na zauna, da na lissafa kuɗin shayi da ɗan biredi da naira, sai na haƙura da ƙari.

Ina tsaye a zauren farko Kakuri ta faɗo mini a rai, inda masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya tun 2002, gine-ginenta suna nan ciyawa na cin su, alhali girmansu ya isa ya ɗauki kasuwa guda.

Shiga ginin kyauta ne, lif ɗin ne kawai ake biya, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa yana ajiye mutum dab da ƙofa. Wanda zai je ya zaɓi safiyar ranar aiki kafin jama'a su cika, ya kuma ci abincinsa tun daga masauki.