Harajin Gida: Farashin Saye ko Kimar Kasuwa?

Gidaje biyu bango ɗaya, girmansu ɗaya, amma takardar harajin wannan ta ninka ta wancan. Sau da yawa dalilin yana ga hanyar da hukuma ke bi wajen ƙiyasta darajar gida.

Hanya ta farko ita ce a riƙe farashin da aka sayi gidan. Jihar Kalifoniya ta Amurka ke kan gaba a nan, tun dokar Proposition 13 ta 1978: harajin asali bai wuce kashi 1 cikin ɗari na darajar ba, kuma ba a ƙara darajar sama da kashi 2 cikin ɗari a shekara. Sai gida ya canza hannu ko an yi sabon gini sannan a sake ƙiyasi. Tsohon mazauni ya huta, musamman ɗan fansho. Sabon shiga kuwa shi ke ɗaukar nauyin, alhali titi ɗaya suke bi, makaranta ɗaya 'ya'yansu ke zuwa. Har ma wasu kan ƙi ƙaura don gudun sabon haraji.

Hanya ta biyu, a bi kimar kasuwa ta yanzu, kamar a Holan, inda ƙananan hukumomi ke sabunta ƙiyasi duk shekara. Maƙwabta masu gida iri ɗaya na biyan kusan abu ɗaya. Illarta, unguwa na yin tsada haraji ya haura, ko albashin mai gida bai motsa ba.

Ni dai na fi karkata ga ta biyu, muddin za a yi wa tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi rangwame.