Tsohon ƙamus ɗin Turancin da na saya a kasuwar Maigatari

Ranar Alhamis na raka Baffa Maigatari zai sayar da akuyoyi, muna jiran dillali sai na hango wani dattijo ya baje tsofaffin littattafai a kan buhu, a ciki har da wani ƙamus na Turanci mai kauri, bango ya yage, gara ta ɗan taɓa gefe. Ya ce dubu uku, na taya dubu da ɗari biyar, ya ce albarka, ƙarshe dai muka daidaita a dubu biyu. Baffa ya kalle ni ya ce kai yanzu kuɗin awo ka zuba a takardar ƙosai?

Dalilina shi ne akwai wata takarda ta zamanin En'e a adakar kakanmu, shi gandiroba ne, an buga "gaol" a jiki. Shekara da shekaru ina ɗauka akawun ne ya yi kuskure wajen rubuta gol na ƙwallo, har dariya nake masa. Ina buɗe ƙamus ɗin nan sai ga shi, ashe gidan yari ne, tsohon rubutun "jail", kuma furucinsu ɗaya. Allah ya jiƙan akawu, na ɗau alhakinsa.

Abin da ya burge ni da littafin, ba ma'ana kawai yake ba ka ba, sai ya gaya maka yadda ake rubuta kalma a da. "Show" a da "shew" ne, "music" da "public" kuma da k a ƙarshe, haka Samuel Johnson ya saka su a ƙamus ɗinsa na 1755, sai Noah Webster na Amurka ya yar da k ɗin a nasa na 1828. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne "debt", wato bashi. Mun sha bulala a firamare kan b ɗin nan da ba a furtawa, ashe asali "dette" ne babu b, wasu masana ne suka cusa ta don ta yi kama da Latin, haka ma s ta "island" daga baya aka liƙa ta. Sai "ye" da ake gani a tsofaffin allunan shaguna a Ingila, wai ashe "the" ne kawai, suna da wani harafi þ mai sautin th, da injin buga littattafai ya zo, wanda William Caxton ya kai Ingila a 1476, haruffan da ake amfani da su ba su da shi sai ake saka y a madadinsa. Akwai ma wata doguwar s mai kama da f da aka daina wajen 1800, in ka gan ta sai ka rantse mai rubutun tsamin baki gare shi.

Amma fa kada a ba ɗan makaranta. Ƙanena da zai zana NECO ya ɗauka ya kwana biyu da shi, ya je ya rubuta "to-day" da "shew" a aikin gida don burga, malaminsu ya zagaye su da jan biro, ya dawo yana ta ƙunƙuni wai ni na ja masa.

Sannan a duba shafuka kafin a biya, ni ɗoki bai bar ni ba, sai a gida na lura daga tsakiyar W zuwa ƙarshe babu, an cire. Rubutun ma ƙanana ne sosai, da daddare sai da tocilan ta waya. Alhamis mai zuwa zan koma in tambayi dattijon ko ragowar na cikin buhunsa.